Kwamfutar da Na Bari a Jega

Har yau in na tuna ranar da na je kare aikina na ƙarshe a jami'a a Aliero, sai raina ya ɓaci. Aikin ba wani abu mai wuya ba ne. Na haɗa rumbun bayanan manoman albasa a wata tsohuwar kwamfuta, na ajiye ta a ɗakina a Jega, kullum a kunne da sola. Abin da zan nuna wa malamai shi ne manomi yana iya buɗe rumbun daga ko'ina. In bai buɗe ba na faɗi, sai baɗi.

Na tsaya gaban malamai na danna. Shiru. Na sake dannawa, allo ya ce ba a samu haɗi ba. Na duba intanet, lafiya lau. Na duba kalmar sirri da lambar ƙofar shiga, duk daidai. Baƙon malamin da aka gayyato ya soma kallon agogo kamar ni na hana shi abinci.

Zargina ya tafi kan fayawol, wato katangar da ke hana baƙo shiga kwamfuta. Yayana Haidar, da ke koyarwa a Maiyama, shi ya saita mini ita, kuma mutum ne mai karambanin taɓa abin da ba a sa shi ba. Na roƙi izini na kira shi.

"Yaya Haidar, mi ka taɓa? Ka toshe ni waje!"

"Wallahi Mufida ban taɓa komi ba. Ni ma na gwada daga nan, ba ta amsawa. Awa ba ta nan ma."

Na kashe waya ina tsaki. Wai kamar ba ta nan, kwamfutar ƙafa gare ta?

"Malama, sai zagaye na gaba," in ji baƙon malamin, ya rufe biro. Wata da watanni ina wahala, ko tausayi babu.

Ina tattara kayana aka yi sallama. Babana ne a bakin ƙofa, ya yi sharkaf da gumi, da wani abu a kansa naɗe cikin sabon zanen Inna. Wayoyin kwamfutata na lilo ta gefe.

"Ɗiyata, kin mance aikinki gida," ya ce yana haki. "Wa ka zuwa kasuwa ya bar kayanai ɗaki? Albasa ma rana na baro ta, na hau mashin."

Ashe shi ya cire ta daga sola ya ɗauko. Ya dubi malaman da ke miƙewa, ya dube ni.

"Ko na makara?"

Na sa hannu biyu na sauke masa kayan.

"A'a Baba. Sannu da hanya."