Saƙo Na Tara

"Goge wannan, na yi tari a ciki," in ji Mai Kitso. "Mu sake."

Matar Direba ta goge, ta sake danna jan maɓallin, ta kara wayar kusa da bakin maƙwabciyarta. Mai Kitso ta gyara jingina a kan filo biyu, ta haɗiye yawu, sai ga muryarta ta da ta dawo, wadda ake jiyowa tun daga ƙofar gida in tana wa wadda take yi wa kitso faɗa.

"Babana, ka tashi lafiya? Yau Talata ko? To ni lafiya lau. Kai huɗu na yi jiya, har da wata mai gashi kamar wayar shanya, ta kusa karya min yatsa. Ka ci abinci, ka bar danne-dannen nan ka ɗan huta."

Ranar Asabar ce, ba Talata ba. Kuma rabon Mai Kitso da taɓa kan mutum an fi wata biyu. Tana gama maganar ta zube a kan filon tana neman numfashi, goshinta ya jiƙe sharaf.

"Yaya, wannan abin bai yi min ba," in ji Matar Direba. "Wallahi bai yi min ba."

"Ba ke zai yi wa ba. Na nawa ke nan?"

"Na uku."

"Saura shida. Ba ni ruwa."

Shekara goma sha ɗaya ɗakunansu na jere a gidan hayar nan, bango ɗaya ya raba su, famfo ɗaya suke tara bokiti. Matar Direba ta san ɗan Mai Kitso tun yana yawo da gajeren wando. Shi kaɗai gare ta. Uwar tana ce masa Babana, sauran 'yan gida kuwa Injiniya, don tun yana sakandare duk wayar da ta ƙi kunnuwa ɗakinsu ake kai ta. Yanzu yana shekarar ƙarshe a jami'a, tafiyar awa huɗu daga nan, yana karatun fasahar kwamfuta. Uwar ba ta taɓa iya faɗin sunan karatun daidai ba, karatun danne-danne take ce masa, amma duk wadda ta zo kitso sai ta sha labarinsa har kunnenta ya yi zafi.

Da tuni ya gama. Bara da ciwon ya fara kayar da ita, wani mai shegen baki ya buga masa waya, ya baro jarrabawa biyu ya taho, ya yi sati uku yana jinya. Aka maimaita masa shekara. Mai Kitso ba ta yafe wa kanta wannan ba. Yanzu saura kwana tara ya tsaya gaban malamai ya kare furojet ɗinsa, aikin ƙarshe da in ya wuce shi ke nan an gama, ga shi likita ya sallame ta da 'yan ƙwayoyi da irin kallon da ba ya bukatar bayani. Shi ya sa da ta farka ran nan ta ji muryarta da ɗan ƙarfi, ta buga bango ta kira Matar Direba. Saƙo tara za ta ɗauka, kullum a tura masa ɗaya da safe daga wayarta, kamar yadda ta saba. Na taran kuma na barka ne, ba za a tura ba sai ya fito daga gaban malaman.

"In ya kira fa?"

"Ki ce hannuna na kan mutane."

"In kuma..." Matar Direba ta kasa ƙarasawa.

"In kuma ɗin, ki ci gaba da turawa. Rantse min."

"Haba Yaya."

"Rantse, ko in kira wata."

Ta rantse. Har yau tana jin haushin bakinta da ya yi saurin buɗewa.

Sai da suka kai azahar kafin su gama. A na biyar Mai Kitso ta ƙirƙiro faɗa da mai gidan haya a kan famfo, ta kwaikwayi muryarsa har Matar Direba ta toshe baki don kada dariyarta ta shiga ciki. A na bakwai murya ta fara dishewa, sai ta ce wai mura ce ta kama ta, kada ya damu. Da aka zo na tara ta ce a ba ta wayar, a kuma ba ta wuri. Matar Direba ta fita tsakar gida ta tsaya tana kwashe shanyar da ba ta bushe ba.

Kwanakin suka fara tafiya. Kullum da safe, bayan ta sallami yara makaranta, sai ta shiga ɗakin, ta ɗauki wayar daga kan taga, ta nemo saƙon ranar ta tura. Ba a jimawa amsa take zuwa. Ta kara wa Mai Kitso a kunne.

"Inna, na ji. Malamina ya ce in sake gyara babi na huɗu. Wannan karo na uku ke nan. Ki yi min addu'a."

"Inna, na samu aron kwat a wurin abokina. Ta ɗan yi min yawa, amma za ta yi."

Mai Kitso takan saurara ido rufe, ta ce a sake sa mata. Wani lokacin sau uku.

Sau biyu kawai ya kira a satin nan. Duka biyun Matar Direba ta ɗauka, ta ce, "Injiniya, hannunta na kan mutane, ka san Inna da aiki." Shi kuma ya ce, "To Anti, a gaishe ta," ya kashe. Ta riƙa gode wa Allah da yaron bai matsa ba. Ta ɗauka furojet ne ya sha masa kai.

Ranar Laraba Mai Kitso ta daina cin komai. Ranar Alhamis Matar Direba ta durƙusa a gaban gadon.

"Yaya, ki yi wa Allah ki bari in kira shi. Awa huɗu ce. Ya zo ya gan ki, gobe ya koma."

"Ba zai koma ba. Na san abina."

"Digirin nan fa takarda ce."

Mai Kitso ta buɗe ido ta dube ta. Idanun sun faɗa, amma faɗan yana nan.

"Takarda ce a wurinki. Ni shekara biyar na yi ina sunkuye a kan ƙeyar mutane saboda ita. Ki tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. A bakin famfo ta tsaya ta yi kukanta, tana wanke kofin da babu abin da ya ɓata shi.

Ranar Asabar da hantsi, bayan an tura na bakwai, rai ya yi halinsa. Ba wani tashin hankali. Matar Direba tana goge mata baki da tsumma, sai ta ga ƙirjin ya tashi ya sauka, bai sake tashi ba. A waje wani yana ta danna hon yana kiran mai gyaran taya.

Kafin azahar gida ya cika. Matan da ta yi shekaru tana wa kitso suka zazzauna a tsakar gida, wasu da tsohon kitsonta har yanzu a ka, duk ya tsufa ya yi buzu-buzu. Ƙanen marigayiyar, wanda kowa ke ce wa Kawu, ya iso yana share gumi, ya ja Matar Direba gefe.

"An gaya wa yaron?"

Ta faɗa masa komai. Ta faɗa ne tana fatan ya daka mata tsawa, ya fizge wayar ya kira, ya sauke mata wannan kaya. Kawu ya shafa haɓa.

"Jibi ne ko? To, tunda ita ta ce. Ko ya taho yanzu ba zai same ta ba. A bar shi ya gama." Ya juya ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi kada wadda ta sa labarin a waya.

Aka kai ta da la'asar, ɗanta yana can yana gyaran babi na huɗu.

Safiyar Lahadi ita ce wadda Matar Direba ba za ta manta ba. Ta shiga ɗakin, an naɗe katifa, an jingine ta da bango. Wayar tana kan taga inda take. Ta ɗauka ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta tsani Mai Kitso a wannan lokacin, tsana ta gaske, matar da ta tafi abinta ta bar ta da ƙarya a hannu. Sannan ta tura na takwas.

"Babana, gobe ne ko? Ka yi aski. Ka tsaya sosai, ka kalle su ido cikin ido, ba su fi ka kai ba. Ni ina nan ina jira."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, rubutu ne, kalma biyu: To Inna.

Ranar Litinin da rana tsaka wayar ta yi ƙara. Matar Direba ta goge hannu a zani ta ɗauka. Tana jin hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Anti, an ɗaga."

"An ɗaga me?"

"Ba a yi ba. Malamin da zai zo daga wata jami'ar bai zo ba. Tun bakwai muke tsaye a baranda, yanzu aka liƙa takarda a ƙofa. Wai sai nan da sati uku." Sannan ya ce, "Ba ni Inna."

Matar Direba ta buɗe baki za ta ce hannunta na kan mutane, maganar ta maƙale. Abin da ya fito kuka ne.

"Yaushe?" ya ce.

"Shekaranjiya."

Ya kashe.

Rana ta yi sanyi ya shigo gidan, da jakar kwamfuta a kafaɗa da kwat ɗin aro a jikinsa, ya yi askinsa tas. Matan da ke zaune suka fara yi masa gaisuwa, yana amsawa da ka, bai tsaya ba sai ƙofar ɗakin. Ya leƙa. Ya daɗe yana kallon katifar da aka naɗe.

Matar Direba ta zo ta tsaya a bayansa. Tun rana take shirya abin da za ta ce, ta kuma shirya wa zagi. Da ya zage ta da ta ji sanyi.

"Injiniya, ka yafe min. Ita ta sa ni na rantse. Saƙonnin nan duka..."

"Na sani, Anti."

"Ba ka gane ba. Duk rana ɗaya ta..."

"Ranar Asabar waccan. Daga goma da kwata zuwa ɗaya saura." Bai juyo ba. "In aka ɗauki murya aka ajiye, sannan aka turo daga baya, saƙon da sunansa yake zuwa. Sunan kuwa kwanan wata ne da lokaci. Ɗan aji ɗaya ma zai gani. Tun na biyu na gani."

Ta dafa bango.

"Ka sani, kuma ba ka..."

"Ban tambaya ba." Yanzu ya juyo. Fuskarsa a bushe take. "Na san in na tambaya za ki faɗa min. In kin faɗa min kuma dole in taho. Sai na ce kwana tara ne, za ta kai. Kullum in saurara in ce za ta kai. Jiya na ji muryarta tana cewa in yi aski, na je na yi."

Matar Direba ta rasa wanda za ta ji haushi. Da uwar, da ɗan, da Kawu, da ita kanta, kowa ya riƙe bakinsa don a yi wani zama na rabin awa, malamin da za a yi zaman a gabansa kuma ko fitowa daga gida bai yi ba. Ta haɗiye haushin, don ba ta ga amfanin zuba wa yaron ba.

Ta ciro wayar daga ƙugunta ta miƙa masa.

"Akwai saura ɗaya. Ni ma ban ji shi ba, korata ta yi. Ta ce sai ka fito daga gaban malaman."

Ya kalli wayar, bai karɓa ba.

"Na barka ne?"

"Na barka ne."

"Ki riƙe, Anti. Ban ci ba tukuna."

Ta mayar da ita ƙugu.

A gefen ƙofar akwai kujerar da Mai Kitso take zama in tana aiki, da 'yar ƙaramar da mai kai take zama a gabanta. Masu gaisuwa duk sun kauce musu, ba wadda ta iya zama a kai. Ya sauke jakar kwamfutar a ƙasa, ya jawo ƙaramar ya zauna, ya ba babbar baya, ya ɗan sunkuyar da kai. Hannun kwat ɗin ya zarce yatsunsa. Haka ya zauna har inuwar katanga ta rufe tsakar gida.