Raken Takarar Malam Yahya

Shawarar Sada ce tun farko, shi ya sa da abin ya tashi lalacewa, duk garin Nasarawan Doya shi aka zuba wa ido.

Malam Yahya malamin gona ne, ya yi shekara ashirin yana zaga fadamun Makarfi a kan wani babur da sai an tura yake tashi. Da manoma suka matsa masa ya nemi kujerar majalisar dokokin jiha, bai yi musu ba, sai dai ya zazzage musu aljihunsa: goro ɗaya da makullin babur. Fom ɗin jam'iyya kuwa ba da halin kirki ake sayensa ba, ga shi ranar Juma'a za a rufe sayarwa.

A nan ne Sada, tsohon da ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, ya ce kowane manomi ya ba da dami biyar na rake, a sare rana ɗaya, a sayar, a sayi fom. Aka yi na'am. Ranar Asabar aka yi gayya, aka tara rake a bakin hanya har ya fi tsayin rumbu.

Lahadi ta yi, ko mota ɗaya ba ta zo ba. Abin da Sada ya manta shi ne, duk motar da ke lodin rake a yankin ta hannun Alhaji Ukasha dillali take biyowa, shi kuwa Alhaji yana da nasa ɗan takarar. Sada ya sa babbar rigarsa ya same shi a rumfarsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo duk da ya girme shi.

"Alhaji, rake ne a ƙasa. Ka san in ya kwana biyu a rana sai asara."

"Ai ban hana kowa saye ba, Baba Sada," in ji Alhaji, idonsa a kan waya. "In ya bushe ku yi wuta da shi."

Sada ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. Ba zagin ne ya fi yi masa ciwo ba. Mutane sun yarda da maganarsa sun sare guminsu, shi ne zai sa su rasa rake su rasa ɗan takara. Matarsa Zulai ta ajiye masa abinci, ya ƙi ko kallonsa.

"Malam," ta ce, "wannan ƙarfen da ka hana ni sayar wa 'yan gwangwan, ajiyar me kake yi masa?"

Injin matse rake take nufi, wanda doki ke juyawa. Da shi Sada ya yi sana'ar mazarƙwaila shekara da shekaru kafin gwiwa ta hana shi, yanzu kaji ne ke kwana a kai. Ya dube ta, ya dubi bayan ɗaki, sai ya jawo kwanon abincin.

Kafin la'asar an tono injin an shafa masa mai. Mutanen Kudan da suka ji labari suka aiko da nasu guda biyu da manyan kasake. Wani Bafulatani daga Furana ya kawo doki, ya ce shi ba zai yi zaɓe a mazaɓar ba, amma Malam Yahya ya taɓa ceton masararsa daga tsutsa. Litinin da Talata doki na zagaye, ruwan rake na kwarara, Zulai da matan gari suna juya kasko suna zubawa a ƙananan kwanoni. Da itace ya ƙare, Sada ya sa aka shanya ɓawon raken da aka matse, aka riƙa cusa shi a murhu. Ɗan takara da kansa ya tuɓe riga yana ɗaukar dami, Sada yana yi masa faɗa kamar ba shi za a kira Honarabul ba.

Laraba aka kai kasuwar Makarfi a kan babura da amalanke. Azumi ya matso, masu sari daga Kano da Zariya suna neman mazarƙwaila ido rufe, kafin azahar ko gutsure bai rage ba. Abin da aka samu ya fi abin da ɗanyen raken zai kawo, har da rarar buga fosta.

Ranar Alhamis Malam Yahya ya dawo daga Kaduna da fom a hannu. Mata suka rangaɗa guɗa. Sada ya karɓi takardar da yatsunsa da suka sha ƙuna, ya juya ta gaba da baya ko da yake bai iya karatun boko ba. Daɗi ya kama shi har hawaye suka zubo, bai kuma ɓoye ba.

Akwai mazarƙwaila ɗaya da ya ware tun ranar Talata, wadda ta fi kowacce kyau. Da safiyar Juma'a ya naɗe ta a takarda, ya sake sa babbar rigarsa, ya nufi rumfar Alhaji Ukasha. Ya yi gaisuwa cikakkiya, a tsaye wannan karon, sannan ya ajiye ta a gabansa.

"Ga tukuicin shawara, Alhaji. Ka ce mu yi wuta da shi, mun yi."