Ƙorafin Ruwa na Baba Mai Agogo

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela, duk wanda ya kira layinmu sai ya ji ƙarar keken ɗinki a bayan muryata. Mu uku ne: Manaja, wanda shi ke rubuta takardun neman tallafi, sai ni, sai abokiyar aikina da muke ce wa Rediyo, don tun da aka kunna ta ba a gano inda ake kashe ta ba. Aikin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Mutum ya kira kyauta, ya ce fitilar titinsu ta mutu ko an ƙi karɓar ɗansa a makaranta, mu gaya masa ofishin da zai je. Wani lokaci mu buga wa ofishin da kanmu, mu yi ta naci har su gaji da mu.

Wata gidauniya ce ke biyan kuɗin waya da haya da ɗan albashinmu, shekara-shekara, kuma ita ta ba mu fom ɗin da ke cikin kwamfuta. Gurbi takwas gare shi: ruwa, wuta, asibiti, makaranta, shara, hanya, takardu, tsaro. Kowane kira sai an jefa shi a gurbi ɗaya, in ba haka ba kwamfuta ba za ta rufe shi ba, na gaba kuma ba zai shigo ba. Wanda ya tsara fom ɗin nan, na rantse bai taɓa sauraron ɗan Adam na minti biyar ba.

Wata safiya da ƙarfe goma wani tsoho ya kira.

"Nan ne ake tambaya?"

"Nan ne, Baba. Me ke damunka?"

"Ba komai, 'yata. Lambar na gani a jikin bango, na ce bari in ji ko da gaske akwai mutum a ciki."

Na ce akwai. Shi ke nan, sai hira ta ɓarke. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, yanzu idon ba ya ganin ƙananan kusoshi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Bai faɗe su da sigar kuka ba, cikin raha ya faɗa, har ya ba ni dariya. Can ya ce, "Bari in je, na bar famfo a buɗe." Ya kashe. Na zauna ina kallon gurbi takwas, su ma suna kallona, ga wata wayar tana ƙara. Tunda famfo ne abu na ƙarshe da ya ambata, na danna ruwa.

Washegari ƙarfe goma daidai ya sake kira, haka kashegarinta. Ba ya wuce minti bakwai, kuma ba ya latti. Ya san ƙanena ya faɗi jarrabawa, ya san maƙwabciyata mai zuba mini shara a ƙofa, shi ya hana ni zuwa in yi mata rashin mutunci. Ni kuma na san agogon bango goma sha ɗaya gare shi, kowanne da halinsa. In ya kashe sai in danna ruwa, hannuna ya saba. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Kwamfuta nake lallashi ta buɗe mini hanya.

Ana saura wata ɗaya tallafin shekara ya ƙare, Manaja ya shigo ran Talata da taswira mai launi, baki har kunne. Gidauniya ta zuba kiranmu duka a kan taswirar gari, ga wani jan ɗigo ƙato a kan layi guda.

"Ƙorafin ruwa ɗari biyu da goma sha ɗaya daga titi ɗaya!" in ji shi. "Na rubuta musu cewa layinmu ne ya bankaɗo matsalar. Hukumar ruwa na musu, wai ba su san zancen ba, amma ai ruwa ba ya tsami banza. Jibi jami'arsu za ta zo ta gani da idonta, daga nan a sa hannu a kan sabuwar shekara."

Na dubi sunan titin, sai na ga titin Baba ne.

"Yallaɓai, ba titi ba ne. Gida ɗaya ne."

"Gida ɗaya? Tab, lallai suna shan wuya."

"Mutum ɗaya ne. Kuma yana da ruwa."

Sai da na maimaita sau uku, ina farawa daga tsakiya ina komawa farko, kafin ya gane. Ya zauna a kan kujerar Rediyo, ya ce, "Ban ji ba. Ba ki gaya mini ba." Jim kaɗan ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini tun da wuri ba?" Rediyo ta kawo shawara wai a roƙi tsohon ya ɗaure famfonsa na yini ɗaya, ko kuma a ce wa jami'ar motar ta lalace, ko a ce titin ya ƙaura. Manaja ya ce ta yi masa shiru, sannan ya tambaye ta yadda ake ɗaure famfo.

Ni kaina ya riga ya kulle. In aka ce mun ƙirƙiri kira don a ba mu kuɗi, za a rufe layin. Albashina ya dame ni, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ya fi tsaya mini a rai ba. Ƙarfe goma zai yi, tsohon nan ya ɗauki wayarsa ya buga, ya ji babu kowa. Wannan nake tsoro.

Ran Laraba ya kira. Na shirya maganata tsaf, amma ya shigo da labarin wani agogonsa da ya tashi da kansa bayan shekara biyu a mace, yana ta murna. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, gobe za mu zo gidanka da baƙuwa."

"Gidana? Ke da kanki?"

"Ni da kaina."

"Kai, madalla! Ashe zan ga mai muryar nan." Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Da ya kashe na danna ruwa, don har ranar babu wani gurbin.

Jami'ar gidauniya mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, komai sai ta rubuta. Muna shiga titin muka tarar da wani yana wanke mota da tiyo, ruwa na malala har bakin kwata. Gaba kaɗan wata mata na ɗauraye tsakar shagonta. Jami'ar ta dubi taswira, ta dubi titi, ta juya taswirar ta sake duba. Manaja ya ce wataƙila yau aka kawo.

Baba na tsaye a ƙofa cikin kaya masu karin guga. Ɗan siriri ne, bai kai yadda na zana shi a raina ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai da na yi sallama ya ce, "Yauwa, ga ta nan!" Ya jera kujeru huɗu a ɗaki, biyu da gani na aro ne. Agogunan nan na bango suna ta tafiya. Ya kawo ruwan sanyi a jug, ya tsiyaya wa kowa har kofi ya cika.

Jami'ar ta buɗe littafinta. "Baba, tun yaushe kuke fama da matsalar ruwa?"

"Ruwa? Ai mun gode Allah. Shekara talatin ina gidan nan, sau biyu na san an ɗauke."

"Amma an rubuta ka kira sau ɗari biyu da goma sha biyu kana ƙorafin ruwa."

"Ni?" Ya yi dariya, ya waiwayo gare ni don in taya shi. Da ya ga ban yi ba, dariyar ta tsaya a rabi. "'Yata, wani ne mai irin lambata?"

Jami'ar ta cire gilashi, ta fuskanci Manaja. "Wato kiran bogi kuke shigarwa don adadi ya yi yawa?"

Manaja ya fara wani dogon bayani a kan yadda kwamfuta ke yi wani lokaci. Na ga ta ɗora murfin biro, na ga layin nan yana mutuwa a gabana. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, ba bogi ba ne, kowane kira shi ya yi shi, ni na ɗauka. Fom ɗinku ne ba shi da gurbinsa. Tsoho ne, ba shi da kowa, kaɗaici ke cinsa. Duk duniya ba shi da mai ce masa yaya ka kwana sai mu. Tausayinsa nake ji, in kashe masa waya? In ba mu saurari irinsu ba, wa zai saurare su?"

Magana ta yi kyau, ni kaina na ji ta yi kyau. Jami'ar ta cire murfin biro tana rubutu da sauri, Manaja na gyaɗa kai kamar shi ya koya mini. Sai a lokacin na tuna a ɗakin wa nake tsaye.

Baba na riƙe da jug ɗin. A hankali ya ajiye shi.

"Ina da 'ya'ya huɗu," ya ce wa jami'ar. "Suna aiko mini." Sannan ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi. "Ashe tausayi ne. Ni na ɗauka hira muke yi."

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Ba komai, Malama. Ku sha ruwa mana."

Ya raka mu har bakin mota, ya yi wa kowa godiya, ya ce a gaida gida.

Bayan mako uku takarda ta zo. An sabunta tallafin na shekara guda. A sakin layi na biyu an yaba mini, a na uku an gargaɗe ni, har yau ban san wanne zan riƙe ba. An kuma ƙara gurbi na tara a fom, an sa masa suna sauraro. Manaja ya manna takardar a bango, ya ce dama shi ya daɗe yana wannan tunanin. Rediyo ta sanar da tela da duk masu jiran ɗinki.

Baba bai kira ba. Ƙarfe goma na yi sai in kasa zaune in kasa tsaye, in waya ta yi ƙara in fizge ta, in ji mai neman takardar haihuwa. Sau biyu na buga masa da wayata, ta yi ta ƙara har ta tsinke. Na yi ta juya abin a raina. Da na yi shiru, da an rufe layin. Da na yi magana, ga abin da ya biyo baya. Rediyo ta ce gaskiya na faɗa. Na sani, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ran wata Litinin, uku da minti ashirin na rana, lambarsa ta fito.

"Baba! Ina wuni? Kwana biyu!"

"Lafiya lau, Malama. Ina son in shigar da ƙorafi. Bututu ya fashe a ƙofar gidana tun jiya, ruwa na shiga zaure. Wane ofishi zan je?"

Na gaya masa. Na ce zan buga musu da kaina yanzu-yanzu. Na ce, "Baba, yaya agogon nan da ya tashi? Yana nan yana aiki?"

"Yana yi. Na gode, kada in tsare miki layi, akwai masu buƙata."

Ya kashe. Kwamfuta ta nuna daƙiƙa hamsin da ɗaya, ta tsaya tana jiran in zaɓi gurbi. Na danna ruwa, hawaye ya hana ni ganin kiran da ya shigo bayansa.