Haruffa Masu Kumatu

"Waɗannan nake so," in ji Maman Bebi, tana dangwala yatsa a fuskar kwamfutar mai buga takardu. "Masu kumatun nan."

Haruffan kuwa ƙatti ne, ɓul-ɓul, kamar an hura musu iska. Wani ya karkace, wani ya ɗaga ƙafa, sai ka ce rawa suke.

Mai shagon ya goge inda ta taɓa. "Hajiya, waɗannan na ledar alewa ne, ko allon makarantar yara. Kalma ɗaya, biyu, shi ke nan. Me za a rubuta?"

"Don Allah kada a buga ƙofa, jariri na barci, uwarsa ma ba ta rintsa ba."

"Duk wannan? Ai za su cunkushe kamar fasinjoji a motar haya. Bari in sa miki sirara, baƙaƙe, masu ɗaure fuska."

"Irin na takardar asibiti? An ce maka ɗana ba shi da lafiya? Sa min masu kumatu, ja da rawaya!"

Ya ɗaga kafaɗa, ya buga.

Da azahar ta manna takardar a ƙofa, ta lallaɓa yaron da ƙyar ya yi barci. Ta kai haƙarƙarinta katifa ke nan, sai ƙwan-ƙwan-ƙwan!

Wata mata ce da 'yan biyu. "Baiwar Allah, nan ne sabon wurin renon yara?"

"Ba ki karanta ba?"

"Wallahi kala kawai na hango daga titi."

Yaro ya tsandara ihu. Ta jijjiga, ta jijjiga, har hannunta ya sage. Ya fara lumshe ido, sai ga wani dattijo wai alewa zai saya wa jikarsa. Bayansa mai kawo takardar kuɗin wuta, shi ya ma karanta tsaf, amma ya buga don ya ce rubutun ya burge shi.

"Ya burge ka? To ya burge ka!" Ta fizge takardar, ta banko ƙofa, ta jefar da takardar kan gado, kusa da yaron da ke ta kuka. Ta zauna hawaye na neman zubo mata.

Sai ta ji kukan ya tsaya. Yaron ya ƙura wa wani ƙaton jan harafi ido. Ya wutsila ƙafa. Ya buɗe bakin nan da ba haƙori ko ɗaya, ya ƙyalƙyale da dariya. Dariya fa, mai sauti, irin wadda bai taɓa yi ba!

Ko takalmi ba ta saka ba. Ta sure shi, ta yi ƙofar maƙwabciya, ta hau dukan ƙofar da ƙarfi.

"Yaya! Yaya, fito, ya yi dariya!"

Maƙwabciyar ta leƙo, ido jajur, ɗankwali a hannu. Daga cikin ɗaki, 'yarta da aka sha wahalar kwantarwa ta fasa kuka.