Naƙudar Aro

Kwana huɗu Basant ta yi tana haɗa hujjojinta. Shekara shida tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a garin Damanhur na ƙasar Masar, ta san yadda ake jera magana ɗaya bayan ɗaya har a isa ga amsar da aka so tun farko. Za ta ce wa likita ƙugunta ƙarami ne. In bai yarda ba, za ta ce zuciyarta na yawan bugawa. In ya matsa, sai ta faɗi gaskiya, wato tsoron naƙuda take yi, irin tsoron da ke jiƙa mata tafin hannu ko a talabijin ta ga mace ta dafe mara.

Ko ɗaya ba ta samu ta faɗa ba. Dakta Midhat ya miƙa mata takardar goge man da aka shafa mata a ciki, ya koma kujerarsa, ya juyo da kalandar teburinsa ta fuskance ta.

"To Madam Basant, wace rana kike so?"

"Ranar me?"

"Ranar da za mu fito da baƙon. Daga ashirin da takwas ga Satumba zuwa huɗu ga Oktoba, ki zaɓa. Ban da Juma'a. Ban da Talata kuma, ina Iskandariya."

"Aiki kake nufi, Dakta?"

"Ba shi kika zo nema ba?"

Shi ta zo nema. Amma sai ta ji kamar wadda ta ja da baya ta taho a guje za ta banke ƙofa, ta tarar a buɗe take. Ta ce, da ƙaramar murya, ita dai tsoro take ji. Likita ya ce kowa ma yana ji, ya ce ta kira sakatariyarsa kafin azahar ɗin Alhamis don a kama ɗakin tiyata, sannan ya danna ƙararrawar kiran ta gaba.

A gida ma ba wanda ya tambaye ta dalili. Mijinta Wa'il Alhamis yake so, don ya haɗa da hutun Juma'a da Asabar. Mahaifiyarsa, Hajja Insaf, wadda ta yi ritaya daga ofishin ilimi amma ofishin bai yi ritaya daga jikinta ba, ta ajiye cokali ta dube shi.

"Biyu ga Oktoba? Kana da hankali kuwa? Duk yaron da ya wuce ɗaya ga wata sai ya jira shekara guda kafin a ɗauke shi aji ɗaya. Saboda ka yi barci ranar Asabar za ka cinye wa jikana shekara?"

"Mama, yaron ko suna ba shi da shi."

"Shekara yana da ita. Litinin za a yi."

Nagwa, mahaifiyar Basant, ita ma Litinin ta so, saboda albarkar ranar. Da ta ji a waya cewa Hajja Insaf Litinin ta zaɓa, sai ta gano cewa Lahadi ta fi dacewa. Basant tana zaune a tsakaninsu da cikinta a gaba kamar fakitin da ake gardamar ranar kai shi. Ta so wani ya ce mata kada ta yi, ko don ta ji yadda hujjojinta za su fito a baki.

Tsoron nan kuwa ta san asalinsa, har da adireshinsa. Tun tana 'yar shekara biyar take jin labarin haihuwarta, yawanci in ta ƙi wanke-wanke ko ta ɗaga murya. Kwana uku Nagwa ta yi a kan gadon ƙarfe a tsohon layinsu. Ta riƙe sandar kan gadon har ta lanƙwashe. Ta ciji bakin kofin ruwa har haƙorinta na gaba ya gutsure. Ungozoma ta sa wuƙa a ƙarƙashin katifa don ta yanke ciwon, wuƙar ba ta yanke komai ba. Mai tallan tukunyar gas, wanda ke buga ta da sifana tun daga bakin titi, da ya ji ihun sai ya juya kekensa, kwana uku ba a ga gas a layin ba. Labarin kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa: "Duk na yi wannan, yau ke ce za ki ce mini ba ki wanke tukunya." Basant takan wanke tukunyar. Da ta girma ta daina tsoron uwar, tsoron gadon ƙarfen ya zauna.

Ranar Alhamis da hantsi ta hau tuktuk, babur mai ƙafa uku, ta tafi gidan uwar, har lokacin ba ta kira sakatariya ba. Ta tarar da baƙuwa a kicin, wata tsohuwa mai faɗi cikin baƙar riga, ta baje a ƙasa tana yanka ganyen lalo a kan tire. Ta zo ganin likitan ido ne a cikin gari, ta biyo da tantabaru biyu a kwando.

"Inna Umm Ragab ce, maƙwabciyarmu ta tsohon layi," in ji Nagwa, ba ta juyo daga murhu ba. "Yanzu za ta tafi, motarsu na jira."

"Wace mota? Sai na ci lalon nan." Tsohuwar ta kama hannun Basant ta jawo ta, ta shafa cikin kamar mai tayin kankana. "Masha Allah, ya sauka. Yaushe?"

"Aiki za a yi mini, Inna. Rana ce ban zaɓa ba."

"Ku 'yan yanzu kun huta. Ana zaɓar rana kamar ta ɗaurin aure. Ni da zan haifi Ragab, kwana uku na yi, 'yar nan. Kwana uku a kan gadon ƙarfe."

"Umm Ragab, ga shayi," in ji Nagwa da sauri.

"Ajiye shi. Sandar kan gadon nan, kin san kaurinta? Na lanƙwasa ta. Har yau tana nan, mijina Abu Ragab ya ƙi a gyara, wai don ya riƙa tuna da wa yake zaune. Ungozoma ta sa wuƙa ƙarƙashin katifa, ina! Mai gas kuwa..."

"Ya juya kekensa," in ji Basant a hankali.

"Au, an ba ki labari? Kwana uku ba gas! Dubi nan." Ta ɗaga leɓenta na sama da yatsa. Haƙorin gaba a gutsure yake, gefensa ya yi santsi saboda daɗewa. "Kofin ruwa. Uwarki ma ta ji komai, bango ɗaya ne tsakaninmu. Tana da cikinki wata bakwai a lokacin, har suma ta yi, baiwar Allah."

Basant ta dubi bakin uwarta. Shekara ashirin da tara tana kallon haƙoran nan, jere reras, ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka likitan haƙori ne ya yi aikin kirki. Nagwa tana ta juya tafarnuwa a kasko duk da ta riga ta soyu, ta fara ƙonewa.

"Mama."

"Miƙo mini gishiri."

"Mama, a ina aka haife ni?"

Nagwa ta kashe murhu. Ta ja Basant zuwa ɗakin kwana, ta tura ƙofa, ta ɗaga tata rigar. Tabon na nan daga ƙasan cibiya zuwa mara, a tsaye, fari, mai kauri.

"Kin ce afendis ne."

"Afendis a tsakiya yake? Ke da kika yi jami'a."

"Lissafi na karanta."

"Da na ji abin da Umm Ragab ta sha," in ji Nagwa tana sauke rigar, "na ce wa babanki ko a yi mini aiki ko in faɗa kogi. Muka sami likitan da ya yarda ya ce kin juya a karkace. Ba ki juya ko'ina ba, zaune kike lafiya lau. Ranar bikin kwana bakwai, ana buga turmi bisa al'ada, mata cike da gida, kakarki ta ce wadda aka yanka ba haihuwa ta yi ba, ciro mata aka yi. A gaban kowa. Da muka tashi daga layin muka dawo nan, mata suna ba da nasu labarin, ni ba ni da nawa. Sai na ba da wanda na sani."

"Baba fa?"

"Me kike tsammani yake fitar da shi baranda duk in na fara? Ke kin ɗauka tausayi ne. Dariya yake zuwa yi, Allah ya jiƙansa."

Basant ta zauna a bakin gado. Gadon katako ne. Ta laluba cikin ranta ko za ta sami fushi, ta sami wani abu mai kama da shi amma bai tsaya ba. Sai wani ɗan sanyi ya biyo baya.

"Ke nan aikin da sauƙi."

"Sauƙi?" Nagwa ta zaro ido. "Wa ya ce miki sauƙi? Washegari aka ce in tashi in taka. Na miƙe, na ji kamar hanjina zai zubo a kan silifas ɗina. Rana ta biyu na yi atishawa. Atishawa ɗaya, Basant, na ga kakannina jere suna yi mini maraba. Kina kuka a gefe, tazarar hannu ɗaya, ba na iya juyawa in ɗauke ki. Babanki ya zo ya ba da labarin ban dariya, na roƙe shi da girman Allah ya fita. Ɗinkin ya yi ruwa, wata guda ina tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Har yau in sanyi ya shigo sai wurin ya yi ƙaiƙayi."

Shekara ashirin da tara wannan labarin nata yana rufe, ya fito da ƙarfinsa, kuma Basant ta lura uwar ta fi iya ba da shi fiye da na aron. Da safe ta shigo gidan da tsoro ɗaya. Yanzu ga biyu, ƙofofin kuma biyu ne kawai, yaron dole ta ɗaya zai fito.

"To wanne ya fi ciwo?"

"Ina zan sani? Ɗaya na yi, ɗayan ta bango na ji."

Suka koma kicin. Umm Ragab ta gama yanka lalon, tana shan shayin da ya huce, fuskarta irin ta wanda ya ji komai kuma ya yanke shawarar bai ji ba. Basant ta durƙusa gabanta da ƙyar.

"Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Yaya ciwon yake?"

Tsohuwar ta yi tunani, da gaske take yi. "Wallahi 'yar nan, ciwon kansa ya ɓace mini. Labarin nake tunawa. Bayan Ragab shida na ƙara."

"Shida? Bayan gadon ƙarfen?"

"A kansa ma."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Basant ta fita baranda, inda babanta yake zuwa dariya, ta tsaya kusa da kwandon da ake zura wa masu talla ƙasa da igiya. Ta gwada yi wa kanta lissafi. Tsoron da ya kai ta wurin likita ba nata ba ne, na uwarta ne, ita ma ta bango ta samo shi, mai ciwon kuwa ta manta. In an bi ƙa'ida ya kamata ya soke kansa. Ta rufe ido ta kawo gadon ƙarfen a ranta don ta gani. Tafin hannunta ya jiƙe nan take. Ta kawo atishawar, ya ƙara jiƙewa, amma ba kamar na farko ba. Ko kuma kamar na farko. Ta sake gwadawa, amsar ta sake canzawa.

A ƙasa mai gas ya shigo layin yana buga tukunyarsa. Ta ciro waya.

"Laraba," ta ce wa sakatariya. "Ɗaya ga wata."

Ba wanda ya nemi Laraba. Wa'il zai rasa hutunsa, Hajja Insaf za ta kwana biyu tana binciken ko ɗaya ga wata na ciki ko na waje, Nagwa za ta ce an raina ta. Sakatariya ta ce kada ta ci komai tun daren Talata, ta zo ƙarfe takwas. Basant ta kashe wayar ta jira ta ji sauƙi. Bai zo ba, sai yunwa.

A kicin an zuba lalo a kan shinkafa. Ta faɗa musu ranar. Nagwa ta buɗe baki za ta yi magana a kan Lahadi, ta dubi Umm Ragab, ta rufe.

"In yaron ya girma ya ƙi aike," in ji Nagwa can, tana kallon kwanonta, "me za ki ce masa? Kin kwanta an yi miki allura a baya?"

Basant ta tauna lomarta ta haɗiye. Ta juya wajen tsohuwar.

"Inna, labarin nan naki. In na buƙace shi nan gaba, za ki ara mini?"

Umm Ragab ta dubi uwar, ta dubi 'yar, ta suɗe yatsanta.

"Ɗauki, ai ya saba gidanku. Haƙorin dai ki cire shi, yaran yanzu suna duba baki."