Ranar da Maigida Ba Ya Zama

A gidanmu ranar slava, bikin waliyyin iyali, maigida ba ya zama. Baƙi su ci su sha, shi yana tsaye yana zuba musu giya har na ƙarshe ya tafi. Uba kuma ba ya miƙa wa ɗansa butar giyar sai ya san tasa ta ƙare. Mijina Miloje kuwa taurin kansa ya fi na ubansa da na kakansa a haɗe.

Bara a asibiti bikin ya same mu, ana ɗura masa maganin kansar jini. Bana likita ta ce cutar ta lafa, amma gajiya za ta daɗe a jikinsa, tunda jininsa bai ciko ba, barci ma ba ya samu. Na tambaye ta yadda zan bambance wannan gajiyar da ta dawowar ciwon. Ta ce sai an auna jini. To ni da me zan auna a kicin? Ido kawai gare ni, shi na kafa masa tun safe.

Da yamma na ga butar tana rawa a hannunsa. Wancan karon ma da haka cutar ta fara.

Amininsa Radoje ya ɗaga kofi. "Maigida, yau ɗis-ɗis kake mana kamar maganin ido? Ko matarka Stanka ce ta sa doka?"

"Sha ka yi shiru, tsohon makwaɗaici," in ji Miloje. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na tare shi a ƙofar kicin. "Don Allah ka ɗan zauna. Ba mai gani."

"Waliyyi na gani."

"Ai ba waliyyi ne ya kwana a bencin asibiti ba, ni ce!"

Ya dube ni, leɓɓansa fari fat. Ya rage murya. "Stanka, kwanan nan matakala ma gagarata take yi. Ɓoye miki na yi."

Kafin in buɗe baki ya koma falo. Ya kira babban ɗanmu Nenad, ya danƙa masa butar.

"Riƙe. Daga yau kai ke tsayuwa."

Ya jawo kujera ya zauna. Radoje ya ajiye kofinsa a hankali.

Ni da na wuni ina roƙon ya zauna, sai ga ni na kama hannun rigarsa ina ja.

"Tashi, Miloje. Don girman Allah ka tashi."