Bakacen Ƙwayoyin Zarra

Mafarkin da na yi daren jiya ya kai ni wata ƙasa inda haske ke sanyaya abu. Mai jin zafi sai ya kunna fitila ya zauna.

Wata zabuwa mai farar rigar likita ta tare ni, ta ce ita ce shugabar ɗakin bincike. Ta miƙo mini faifai da aka saƙa da jan hasken nan mai tsini da ake kira leza. Cikinsa ƙwayoyin zarra ne da hasken ya sanyaya, suna makyarkyata, kowace tana tangaɗi inda ta ga dama. Na duba da kyau, sai ga ɗana Bashari a tsakiyarsu, bai kai ƙwayar gero ba, yana ta kai da komo kamar yadda yake yi a gari tun da ya gama makaranta. Zabuwa ta ce in bai kai bakin faifan na gabas ba kafin a ɗauke wuta, zai ɗumama ya watse, ba mai sake ganinsa.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, na sa yatsa na ingiza shi, har da tsawa. Nan take ya yi zafi ya yi yamma.

"Malam Ɗanjuma, ba a tura su," in ji zabuwa. "Bakace ake yi."

Bakace? Ni da gemuna? Ban taɓa riƙe faifai ba, aikin mata na ɗauke shi. Na girgiza dama da hagu daidai wa daida, ba abin da ya canja.

Sai ga ni a tsakar gidanmu na ƙauye da faifan a hannuna, marigayiya Inna na zaune kan rufin rumbu. Ta ce in fizga faifan gaba, wajen gabas, da sauri, in dawo a hankali, tangaɗin nasu shi ne ƙafarsu. Na yi hakan. Bashari bai daina yawo ba, ya yi gaba ya yi baya, amma gaban ya fi yawa. Wallahi har ƙwalla na yi. Wuta ta fara lumshewa, shi kuwa saura taki ɗaya.

Ƙarar ƙyauren gida ce ta tashe ni. Bashari ne zai sake fita neman aiki. Faɗan da na saba yi masa ya zo mini har baki, na haɗiye, na ce ya tsaya ya sha koko tukuna.